MARIGAYI LES PAUL, MAKAƊIN DA SUNANSA YA KOMA SUNAN JITA

Duk wanda ya taɓa leƙa babban kantin sayar da kayan kiɗa a Landan ko New York ko Tokyo, da wuya ya fito bai ga wata jita mai nauyi rataye a bango ba, wadda aka rubuta wani suna a bisa kanta da ruwan zinariya, sai ka ce mai sunan ne ya sa hannu da kansa. Sunan kuwa shi ne Les Paul. Da yawa daga cikin samarin da kan yi wata da watanni suna tara kuɗi don su mallaki irin wannan jita, tsammani suke yi sunan alamar ciniki ce kurum, kamar yadda tela kan kira keken ɗinkinsa Singer ba tare da ya dami kansa da sanin ko an taɓa yin wani mahaluki mai wannan suna ba. Alhali kuwa mutum ne, makaɗi ne na gani na faɗa, ya shekara 94 a duniya, kuma bai ajiye kiɗa a gaban jama'a ba sai ana 'yan watanni ajalinsa ya cika.

Tarihin wannan mutum yana da amfani ga mai son ya fahimci wata al'ada da ta kafu a cinikin kayan kiɗa, watau kamfani ya ƙera jita ya liƙa mata sunan wani shahararren makaɗi, jama'a kuma su yi ta rububin saye. Shin mai sayen nan katako da wayoyi yake biya, ko kuwa suna yake biya? Babu wata jita a duniya da ta fi wadda ke ɗauke da sunan Les Paul bayyana yadda al'amarin yake.

An haife shi ranar 9 ga Yuni, 1915, a garin Waukesha na Jihar Wisconsin, a arewacin Amurka, aka raɗa masa suna Lester William Polsfuss. Kakanninsa daga Jamus suka fito. Auren iyayensa ya mutu tun yana yaro, saboda haka ya tashi a hannun mahaifiyarsa Evelyn, mace mai haƙuri da ƙiriniyar yaro, wadda ta zura masa ido yana kwance rediyo da garmaho da tarho na gidan don ya ga abin da ke cikinsu. Yana da shekara 8 ya fara busa hamonika, daga baya ya koma ga jita. Da ya ga yana bukatar hannuwansa biyu wajen kaɗa jita, sai ya lanƙwasa wayar rataye riga ya ɗaura a wuya ta riƙe masa abin busar a daidai baki. Kafin ya wuce shekara 13 har ya fara samun 'yan kuɗi da waƙoƙin ƙauye a wuraren cin abinci na bakin hanya.

A irin waɗannan wurare ne ya ci karo da matsalar da ta bi shi shekara da shekaru. Muryarsa tana kaiwa ga masu sauraro, amma jitarsa ba ta kaiwa. Kamar yadda shi kansa ya sha ba da labari, sai ya cire allurar garmaho ya soka a jikin jitar, ya ja waya zuwa lasifikar rediyo. Ƙara ta samu, amma tare da ita sai wani kuka mai tsinka kunne ya biyo baya. Dalilin kukan a fili yake. Jita ta gargajiya akwati ce mai rami a ciki, tamkar ƙoƙon garaya, kuma wannan ramin ne ke ba ta amo. Idan aka haɗa ta da lasifika, sautin da ya fito yakan dawo ya girgiza akwatin, girgizar ta sake komawa cikin lasifika ta fito da ƙarfin da ya fi na farko, haka abin zai yi ta zagayawa har ya zama ihu. Yaron ya cusa tsummoki a ramin, ya gwada cika shi da farar ƙasa, daga bisani har ya ɗaura tsirkiya a kan guntun ƙarfen dogo. Nan ya gane cewa in jikin abin kiɗa ba ya girgiza, kukan yakan ɓace, tsirkiya kuma takan daɗe tana amo kafin ta yi shiru, domin babu akwatin da ke shanye ƙarfinta. Sai dai ba mai iya rataya ƙarfen dogo a kafaɗa ya hau dandali.

Yana da shekara 17 ya bar makaranta ya bi wani makaɗi mai suna Joe Wolverton zuwa gidan rediyo a St. Louis. A 1934 ya koma Shikago, inda ya zama mutum mai suna biyu: da rana shi ne Rhubarb Red mai waƙoƙin ƙauye a rediyo, da dare kuma ya shiga cikin makaɗan jaz da sunan Les Paul, wanda ya gutsuro daga sunansa na yanka. Salon Django Reinhardt, gwanin jitar nan na Faransa, ya shiga ransa ƙwarai. A 1938 ya isa New York da ƙungiyarsa ta mutum uku, suka sami gurbi a shirin rediyo na Fred Waring, wanda ake ji a faɗin ƙasar.

GUNGUME

A New York ɗin ne, wajen 1940 zuwa 1941, ya sami izinin shiga masana'antar Epiphone a lokutan da ma'aikata ba sa nan. Ya ɗauki wani guntun katako mai kaurin inci 4 kowane gefe, ya haɗa masa wuyan jita, ya ɗaura tsirkiyoyi, sa'an nan ya girka masa 'yan maganaɗisu da aka naɗe da siririyar waya, waɗanda aikinsu shi ne su mai da girgizar tsirkiyar ƙarfe ta zama lantarki ta tafi ga lasifika. Shi da kansa ya yi wa abin laƙabi da gungume. Da ya fita da shi gaban jama'a, sai ya lura ba a kula kiɗan, an tsaya kallon mummunan katako. Ya koma ya tsaga jikin wata jitar Epiphone gida biyu, ya liƙa wa gungumen dama da hagu don ya yi kama da jita. Waɗannan fukafukai ba su ƙara wa sautin komai ba, amma da aka gan su sai aka saurara. Tun daga ranar ya san cewa ido ma yana da rabonsa a cikin kiɗa, kuma wannan sani ya yi masa rana daga baya.

Ya kai gungumen ga shugabannin kamfanin Gibson, wanda a lokacin shi ne ja-gaba wajen ƙera jita masu daraja, suka yi masa dariya, suka kwatanta abin da sandar tsintsiya da aka ɗaura wa wayoyi. Ya kamata a faɗa a nan cewa ba shi kaɗai ke wannan bincike ba, kuma ba shi ya ƙago jita mai lantarki ba, ko da yake ana yawan faɗin haka. Kamfanin Rickenbacker ya riga ya fitar da tasa tun farkon shekarun 1930, Paul Bigsby ya ƙera wa Merle Travis jita marar rami a 1948, Leo Fender kuma yana nasa aikin a Kalifoniya. Les Paul mutum ne mai daɗin baki da iya tsara labari, ya kuma rayu ya ga bayan kusan dukan abokan zamaninsa, saboda haka masu binciken tarihi ba su karɓi kowane labarinsa yadda ya ba da shi ba. Gungumen dai yana nan, an ajiye shi a gidan tarihin kiɗan ƙauye na birnin Nashville.

A 1943 ya koma Hollywood. Aka ɗauke shi soja, ya yi aikinsa a rediyon mayaƙa. A watan Yuli na 1944 ya yi wasa tare da Nat King Cole a wani taron jaz a Los Angeles wanda faifansa ya shahara, a 1945 kuma ya raka Bing Crosby da jita a wata waƙa da ta hau kan jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Amurka. Crosby ne ya ƙarfafa masa gwiwa ya mai da garejin gidansa ɗakin ɗaukar sauti.

A wannan gareji ne ya yi aikin da, a ganin masana da dama, ya fi jitar muhimmanci. A zamanin, in za a yi faifai, dukan makaɗa sukan taru su yi kiɗan gaba ɗaya, in ɗaya ya kuskure a sake daga farko. Les Paul ya harhaɗa na'urar yankan faifai da hannunsa, har da wani ƙarfen injin mota Cadillac a ciki don juyin ya daidaita. Sai ya ɗauki kiɗa a faifai na farko, ya kunna shi ya bi shi da wani kiɗan yana ɗauka a faifai na biyu, ya sake kunna na biyun ya ɗora na uku, haka har sau takwas. Wasu sassan yakan ɗauke su na'ura tana tafiya da rabin gudunta, in aka mai da ita daidai sai a ji jita tana gudu da tsinin murya irin wanda yatsun ɗan Adam ba za su iya ba. Kamfanin Capitol ya fitar da wannan kiɗa, mai suna Lover, a farkon 1948. Jama'a suka ji jita takwas, alhali mutum ɗaya ne a cikin gareji.

Faifan yana shirin fita ke nan sai ƙaddara ta faɗa masa. A watan Janairu na 1948, yana tafiya a mota tare da wata mawaƙiya mai suna Colleen Summers, ita ke tuƙi, motar ta zame a kan ƙanƙara kusa da garin Davenport na Jihar Oklahoma, ta faɗa ƙasa daga kan hanya. Hannunsa na dama ya ragargaje a gwiwa. Likitoci suka ga ba za su iya mai da gwiwar ta riƙa motsi ba, har aka yi maganar yanke hannun. A ƙarshe aka tsai da shawara a haɗe ƙashin ya sandare wuri ɗaya, shi kuwa ya nemi a sandarar da shi a lanƙwashe, daidai yadda hannu ke zama a kan jita. Haka aka yi. Ya shafe kimanin shekara ɗaya da rabi yana jinya, kuma har ya mutu, shekara 61 bayan haka, hannun nan bai sake miƙewa ba.

Colleen Summers ita ce duniya ta sani da sunan Mary Ford. Sun yi aure a ƙarshen 1949, bayan rabuwarsa da matarsa ta fari. A wannan tsakani Crosby ya ba shi kyautar rikoda mai zaren tef ta kamfanin Ampex, yana cikin na farko-farko da aka ƙera a Amurka. Les Paul ya ƙara mata wani kai na musamman yadda zai iya ɗora sabon sauti a kan tsoho a bisa zare guda. Hanyar tana da haɗari, domin kuskure ɗaya a hawa na goma yakan lalata tara ɗin da ke ƙasa. Duk da haka da ita suka yi waƙoƙin da suka girgiza kasuwa, Mary tana amsa wa kanta amshi da murya bisa murya, shi kuma yana jera jita bisa jita. How High the Moon ta yi mako 9 a kan gaba a 1951, Vaya con Dios kuma ta yi mako 11 a 1953. A 'yan shekarun nan babu makaɗin jita a Amurka da ya kai shi suna.

YARJEJENIYA DA GIBSON

Ana cikin haka sai Leo Fender, mai gyaran rediyo wanda bai ma iya kaɗa jita ba, ya fitar da jita marar rami a 1950, wadda daga baya aka sa mata suna Telecaster. Falan katako ce aka ɗaure mata wuya da kusoshi, amma ta karɓu. Gibson, wanda ya yi dariya shekarun baya, ya ga kasuwa tana neman kuɓuce masa. Shugaban kamfanin, Ted McCarty, ya sa ma'aikatansa a masana'antar Kalamazoo ta Jihar Michigan suka ƙera tasu. Suka yi jikin da katakon mahogani, wanda dangi ne ga maɗacin da aka sani a ƙasar Hausa, suka ɗora masa wani katako mai tauri a sama aka sassaƙe shi ya yi tudu, irin sassaƙar da Gibson ya gwanance a kai, Fender kuwa ba shi da injinta. Aka manne wuya da jiki da gam maimakon kusoshi. Abin da ya rage shi ne sunan da zai jawo masu saye.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce ga Gibson, don tun wajen ƙarshen shekarun 1920 ya fitar da jita da sunan mawaƙi Nick Lucas. McCarty ya ɗauki samfurin ya kai wa Les Paul, aka ƙulla yarjejeniya ta shekara 5: za a sa sunansa a kan jitar, zai riƙa samun kashi 5 cikin 100 na abin da aka sayar, shi kuma ba zai fito gaban jama'a da jitar wani kamfani ba. A 1952 jitar ta shiga kasuwa a kan dala 210, fuskarta shafe da launin zinariya.

Wane ne ya tsara ta? A nan bakin mutanen biyu ya saɓa har suka mutu. Les Paul ya nuna cewa yana da hannu dumu-dumu a ƙirar, har da zaɓen launin zinariya don ta yi kama da abu mai tsada. McCarty kuwa ya tsaya a kan cewa an kusa gama komai kafin a je wurinsa, abin da kawai aka ɗauka daga gare shi shi ne ƙarfen da ke riƙe gindin tsirkiyoyi. Galibin masu bincike sun fi karkata ga McCarty. Abin mamaki, wannan ƙarfe ɗaya da kowa ya yarda nasa ne, shi ne ya zama aibin jitar farko. Masana'anta ba ta ba wuyan isasshen kwana ba, sai ya zama tilas a bi da tsirkiyoyi ta ƙarƙashin ƙarfen maimakon ta samansa, wanda ya hana makaɗi ya dafa su da tafin hannu ya rage amonsu, salon da shi Les Paul ɗin yake yawan yi. A 1953 aka cire ƙarfen aka sa wani.

Mai sayen wannan jita a shekarunta na farko yana da hujjojinsa, kuma ba na banza ba ne. Jita marar rami baƙuwa ce, dala 210 kuwa ba ƙananan kuɗi ba ne ga ma'aikaci, saboda haka sunan gwani ya zama masa tamkar shaidar dillali amintacce: in mutumin da ya fi kowa sanin lantarki da sauti ya yarda a sa sunansa, to abin ba na yasarwa ba ne. Bayan wannan akwai begen sautin da ya ji a faifai, akwai kuma ƙauna, domin yana ganin Les da Mary a talabijin riƙe da ita a cikin wani ɗan gajeren shiri da ake ɗauka a gidansu na Mahwah, Jihar New Jersey. Hujjar farko ta tabbata, don jitar an ƙera ta da kyau. Ta biyun ce ke da rauni. Waƙar 1951 an ɗauke ta tun jitar ba ta zo duniya ba, da tsofaffin jitocin Epiphone waɗanda ya fasa ya sake wa ciki, kuma rabin abin da kunne ya ji aikin rikoda ne. Ko bayan yarjejeniyar ma, waɗanda yake kaɗawa bai bar su yadda suka fito daga masana'anta ba, yakan cire maganaɗisun kamfani ya sa nasa da ya naɗa da hannu, don shi sauti garau yake so, marar ƙura ko kaɗan.

Gibson ya ci gaba da gyare-gyare. A 1954 aka fitar da baƙa mai tsada da kuma wata mai sauƙin kuɗi don masu koyo. A 1957 aka sa sabon maganaɗisu da injiniya Seth Lover ya ƙirƙiro, mai naɗin waya biyu masu kishiyantar juna, waɗanda ke kashe ƙugin lantarki su kuma ba da murya mai kauri. A 1958 aka bar launin zinariya aka koma wani mai ja a gefe da rawaya a tsakiya, wanda ke nuna zanen katako. Duk da haka ciniki sai ja da baya yake yi. Jitar tana da nauyi, takan kai kilo 4 ko fiye, matasa kuma sun koma ga Fender. Uwa uba, kiɗan rok ya shigo da su Elvis Presley, tauraron Les Paul da Mary Ford ya dushe, sunan da ke jawo masu saye ya zama sunan mawaƙan iyaye. Daga 1958 zuwa 1960 kimanin 1,700 kacal aka ƙera na wannan sabon launi. A 1961 kamfanin ya watsar da ƙirar, ya fito da wata siririya mai ƙaho biyu, ya bar mata sunan Les Paul. Shi kuwa bai so ta ba. Daɗin daɗawa aurensa da Mary ya shiga rikici, ba ya son ya sa hannu a sabuwar yarjejeniyar da kuɗinta za su shiga rabon kotu. A 1963 aka cire sunansa, jitar ta koma SG. An raba auren a 1964, shi kuma ya janye jiki ya koma gidansa cikin na'urorinsa, ciki har da rikoda mai layi 8 da Ampex ya ƙera masa a 1957.

Da labarin ya tsaya nan, da sai a ce jitar ta rayu da sunan mai ita ta kuma mutu da shi. Amma abin da ya biyo baya ya zo daga inda ba a zata ba, watau Ingila. Wasu samari masu son kiɗan buluz na baƙaƙen Amurka suka fara tsintar tsofaffin a kantunan kayan hannu da araha. An ga Keith Richards da ɗaya a 1964. A 1966 Eric Clapton ya haɗa tasa da na'urar ƙara sauti ta Marshall, ya murɗa ta har ƙarshe a faifan da ya yi da John Mayall, aka ji wata murya mai kauri da gurnani, mai daɗewa kamar ta goge. Wannan gurnani shi ne ainihin abin da Les Paul ya yi rayuwarsa yana yaƙi da shi. An sace jitar Clapton a cikin shekarar, ba a kuma sake ganinta ba, amma sautin ya riga ya shiga kunnen duniya. Peter Green da Jeff Beck da Jimmy Page a Ingila, da Mike Bloomfield a Amurka, duk suka bi sahu. Farashin tsofaffin ya yi ta hawa, har Gibson ya ga ba makawa, ya sabunta yarjejeniya da Les Paul, ya dawo da ƙirar a 1968. Tun daga lokacin ba a daina ƙera ta ba. Bob Marley ma, wanda aka fi sani a Afirka, wani nau'inta ne ya fi riƙewa a dandali.

Saurayin da ya saye ta a 1970, ke nan, ba don Les Paul ya saya ba, mai yiwuwa ma bai taɓa jin faifansa ko ɗaya ba. Don Clapton ko Page ya saya. Kamfanin ya fahimci haka, shi ya sa daga baya ya shiga fitar da Les Paul ta Jimmy Page da Les Paul ta Slash da sauransu, suna bisa suna a kan jita guda, kowace an kwaikwayi kaurin wuya da irin maganaɗisun da gwanin ya fi so, wani lokaci har da ƙujewar fenti da tabon da ke jikin tasa. Wanda hannunsa ya dace da irin wannan wuya, ko yake neman irin wannan murya, ya sami abin da yake so ba tare da wahalar gyara ba, wannan kuwa hujja ce mai ƙarfi. Wanda ya saya da fatan yatsun gwani za su biyo jitar a cikin akwati, shi ne abin tausayi. Labarin Slash ya isa misali: faifan farko na ƙungiyarsa Guns N' Roses, wanda ya fito a 1987 ya sake farfaɗo da kasuwar Les Paul, galibinsa an ɗauke shi ne da wata jita da wani maƙeri mai zaman kansa, Kris Derrig, ya kwaikwaya da hannu. Ba daga masana'antar Gibson ta fito ba.

Akwai kuma masu saye don ajiya, kamar yadda ake sayen fili ko zinariya. Waɗancan 1,700 da aka rasa masu so a 1960, yanzu kowace mai lafiya takan ci dubban ɗaruruwan daloli, da yawansu kuma suna kulle a ma'aji ba mai taɓa tsirkiyarsu. A ɗaya gefen, Gibson ya sayi Epiphone tun 1957, kuma daga ƙarshen shekarun 1980 da wannan suna ake fitar da Les Paul masu araha daga masana'antun Asiya don ɗalibai da masu koyo. Sunan kamfanin da ya ara masa ɗaki ya haɗa gungumensa, shi ne ya kai sunansa hannun talaka.

Shi dai mai sunan bai ƙare a zaman gida ba. A 1976 ya yi faifai tare da Chet Atkins, wanda shi ma kamfanin Gretsch ya yi jita da sunansa, suka sami lambar Grammy. Mary Ford ta rasu a watan Satumba na 1977 sanadiyyar ciwon sukari, tana da shekara 53. A 1980 aka yi masa babban aiki a zuciya. Maimakon ya kwanta, a 1984 sai ya fara wasa kowane daren Litinin a wani ƙaramin gidan kiɗa a New York mai suna Fat Tuesday's, daga tsakiyar shekarun 1990 kuma ya koma wani mai suna Iridium. Amosanin gaɓɓai ya riƙe yawancin yatsunsa, gudun da aka san shi da shi ya tafi, ya sake koyon kiɗa da abin da ya saura, yana cike gurbin da barkwanci. An shigar da shi zauren girmamawa na mawaƙan rok a 1988, da na masu ƙirƙira na Amurka a 2005, a 2006 kuma, yana da shekara 90, ya sake karɓar lambar Grammy guda biyu.

A waɗannan dararen Litinin, bayan an tashi daga wasa, mutane sukan yi layi riƙe da jitocinsu, shi kuma ya zauna yana sa musu hannu har dare ya raba. Yakan mai da abin raha cewa wasu daga cikinsu sai a ranar suka san Les Paul mutum ne. Jitar da ke hannunsa a dandali kuwa ba irin tasu ba ce. Wani nau'i ne da Gibson ya fitar a 1971 bisa ainihin ra'ayinsa, mai maɓallai da yawa da sauti garau. A cikin dukan masu ɗauke da sunansa ita ce ta fi kusa da abin da yake so, kuma ba ta yi kasuwa ba, kafin shekarun 1970 su ƙare aka daina ƙera ta.

Ya rasu a watan Agusta na 2009 a wani asibiti a White Plains, Jihar New York, bayan ciwon huhu, aka kai shi Waukesha aka binne. A watan Oktoba na 2021 kamfanin gwanjo na Christie's ya sayar da ɗaya daga cikin jitocin farko masu launin zinariya da Gibson ya ba shi, wadda ya huda ya sake wa maganaɗisu da wayoyi har ta bar kamannin da ta fito da su daga Kalamazoo. An sayar da ita a kan dala 930,000.